A CECI TARIHIN DAMBEN ZAMFARA TUN DA SAURAN MASU BA DA LABARI

Da wuya a sami Bahaushen da ya mallaki hankalinsa, ko a birni yake ko a ƙauye, wanda bai taɓa jin sunan Shago ba. Haka nan sunan Ɗan Dunawa da na Ado Ɗan Kware ba baƙi ba ne a kunnen duk wanda ya saba sauraron kiɗan marigayi Muhammadu Bawa Ɗan Anace a gidan rediyo. To, amma a tara ɗalibai goma na babbar makaranta, ko ma'aikata goma na sakatariyar Gusau, a tambaye su a wace shekara Shago ya fara naɗa zare, a waɗanne garuruwa ya yi dambe, mazaje nawa ya buge, sai a ga an yi tsit ana kallon juna. Suna ya yi nisa, labari kuwa ya tsaya a hanya.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce, kuma kullum ƙaruwa take yi, domin littattafan da ke ɗauke da tarihin damben ƙasar Zamfara ba a kan kanta suke ba. Tsofaffi ne masu numfashi, waɗanda suka ga abin da idanunsu, kuma babu daminar da za ta wuce ba a rasa wasu daga cikinsu ba. Saboda haka ya wajaba a kan hukuma da masana da ɗalibai su tashi su rubuta labarin filayen damben da, da na mazajen da suka taka su, tun ana iya samun wanda zai ce, nan ne wurin, kuma a gabana aka yi.

FILIN DA MUTANE NE KATANGARSA

A ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, kamar sauran ƙasar Hausa, dambe ɗan kaka ne. Sai an yanke gero, an ɗaure dawa, rumbuna sun cika, sa'an nan ake jin kalangu ya sake murya. Asalinsa wasan mahauta ne, watau rundawa, shi ya sa kalangu, wanda shi ne kiɗan fawa, ya zama kiɗan dambe, shi ya sa kuma Sarkin Fawa ke da ta cewa a cikin sha'aninsa. Samari sukan ɗauki zarensu su bi gari gari tare da makaɗinsu, inda duk suka sauka a ba su masauki da abinci, da la'asar sakaliya kuma a fita fili.

Filin nan ba gini ba ne. Wani wuri ne da kowa a gari ya sani, ko bakin kasuwa, ko ƙofar gidan mai gari, ko wani sarari a bayan gari kusa da kuka ko tsamiya. 'Yan kallo su ne katangarsa, yara a zaune a gaba, manya a tsaye a baya, makaɗa a gefe guda. Da an watse sai ya koma wurin shan iskar awaki. Duk da haka kowane fili da halinsa, kuma tsofaffin 'yan dambe sun san wanda yashinsa ke riƙe ƙafa, da wanda ƙasarsa ke da tauri, da wanda rana ke dukan idon mutum in ya yi sakaci ya fuskanci yamma.

Mai kallon da ya san dambe ba naushi kaɗai ya zo gani ba. Yana duban tsayuwa, yadda ɗan dambe ke buɗe ƙafafu ya kafa ta baya, ya miƙa hannun garkuwa yana auna tazara, ya janye hannun zare can baya kamar ya manta da shi. Yana duban haƙuri, domin sau da yawa turmi guda kan ƙare ba wanda ya saki hannu, kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi kuskure. Turmi uku ne ƙa'ida, kuma da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa ke nan, an raba gardama. Abin da ake shekara ana jira, ƙiftawar ido ce ke ƙare shi. Sauran shekara kuma a yi ta a bakin majalisa ana maimaita yadda aka yi.

Irin waɗannan filaye su ne suke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an lura ba. Gari ya faɗaɗa, an yanka fuloti, an gina rumfunan kasuwa, ko tashar mota, ko ajin makaranta. Ba wanda zai ga laifin wannan, don gari ba ya zama yadda yake har abada. Laifin da ake gani shi ne a shafe wuri ba a bar ko alama ba, har yaron da ke sayar da rake a wurin bai san cewa kakansa ya taɓa yin suna a daidai inda yake tsaye ba.

Sa'an nan ga babbar masifar da ta auka wa yankin, ta 'yan bindiga, wadda ta tashi ƙauyuka da dama, ta hana tafiyar dare, ta sa taron jama'a a bayan gari ya zama abin tsoro. A shekara ta 2021 har kasuwannin mako sai da Gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe na wani lokaci saboda sha'anin tsaro. Dambe kuwa da kasuwa da hanya tare suke rayuwa. In hanya ta mutu, yawon dambe ya mutu.

A dubi ƙauyen Tungar Guru na ƙasar Bukkuyum. Duk wanda ya nemi sunan wannan ƙauye a cikin takardu, abin da zai tarar shi ne rahotannin likitoci, domin yana cikin ƙauyukan Anka da Bukkuyum da gubar dalma ta auka wa a shekara ta 2010, sa'ad da ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, har yara fiye da 400 suka rasu a yankin. Tsakanin 2010 da 2011 an kankare ƙasar gidaje da ta sararin ƙauyen aka zuba sabuwa, aikin da ya ceci rayuka, kuma ya cancanci yabo. Amma fa mutanen Tungar Guru, da na 'Yargalma, da Dareta, da Bagega, sun yi shekaru aru aru suna noma, suna biki, suna wasannin kaka kafin wannan musiba. Ba daidai ba ne a ce duniya ta san ƙauye da ranar kukansa kaɗai, ranakun murnarsa kuwa ba wanda ya rubuta.

MAKAƊI BA MAGATAKARDA BA NE

Wani zai ce ai makaɗa sun riga sun adana tarihin. Lalle suna da babban rabo a cikin wannan, domin ba don Ɗan Anace ba, da sunan Shago bai kai inda ya kai ba. Shi ne ya ɗauki mahauci ɗan dambe ya ajiye shi a sahun da sarakuna da attajirai kaɗai ake jin sunansu. Amma aikin makaɗi shi ne zuga gwaninsa, ya cika masa zuciya, ya karya ta abokin karawarsa. Ba aikinsa ba ne ya faɗi shekara, ko ya lissafa ranakun da gwanin nasa ya sha ƙasa. Shi ya sa karon Shago da Ɗan Dunawa, wanda har yau ake zancensa, kowane mai ba da labari da irin tasa ruwayar.

Bugu da ƙari, makaɗi ɗaya ba ya iya yi wa ƙasa duka waƙa. Bayan kowane ɗan damben da ya dace da babban makaɗi akwai wasu masu yawa da suka gagari yankinsu, amma takensu bai taɓa shiga faifai ba. Sunayensu suna nan a bakin tsofaffin garuruwansu kurum. Abin mamaki ma, makaɗan sun fi mazajen da suka yi wa waƙa dacewa, domin masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun bi diddigin rayuwar makaɗan Hausa sun rubuta. Masu kiɗa sun shiga littafi, masu naushin da aka yi kiɗan dominsu suna waje.

Alhali kuwa dambe ya zo da nasa tsarin tarihi, wanda ke jiran mai alƙalami kawai. A saurari sunayen 'yan dambe, za a ji Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Dogon wane. Kowane suna yana nuna maigidan da yaro ya tashi a hannunsa, maigidan kuma da nasa maigidan. Salsala ce sosai, kuma ɗalibin da ya kama bakin zaren ya bi ta a hankali, zai iya komawa baya zuriya uku ko huɗu.

YADDA WASU SUKA YI DA NASU

Yana da kyau a leƙa wata ƙasa a ga yadda ake riƙon irin wannan amana. Amurkawa suna da wani wasa na ƙwallo da sanda da suke kira besbol, wanda a cikinsa mutum ɗaya ke tsayawa a tsakiyar fili yana jifa da ƙwallo, wani kuma yana ƙoƙarin dukanta. Darajar mai jifan nan duk tana ga hannunsa guda, kamar dai ɗan dambe, har ma su ma suna ba bahago girma na musamman. Masoyan wannan wasa ba abin da suka fi so kamar zancen tsofaffin filaye da tsofaffin masu jifa. Filin Fenway na birnin Boston tun 1912 aka buɗe shi, na Wrigley a Shikago tun 1914, kuma har yanzu ana wasa a cikinsu. Filin Ebbets na Niyu Yok kuwa an rushe shi a 1960 aka gina gidajen haya a wurin, amma masoya ba su daina zancensa ba, domin a nan ne Jackie Robinson ya karya shingen wariyar launin fata a wasan a shekara ta 1947. Mai jifar nan Cy Young ya rasu tun 1955, amma duk mai son wasan ya san ya ci wasa 511, kuma da sunansa ake ba gwanin masu jifa lambar girma kowace shekara. A garin Cooperstown akwai gidan tarihin wasan, wanda aka buɗe a 1939.

Amma darasin da ya fi dacewa da damben Zamfara yana ga baƙaƙen fatar ƙasar. Shekaru da yawa an hana su shiga manyan ƙungiyoyi, sai suka kafa nasu, suna yawo gari gari a cikin motoci suna wasa a duk filin da suka samu, ba mai kula da rubuta sakamakonsu yadda ya kamata. Gwaninsu na jifa, Satchel Paige, sai da ya kai shekara 42, a 1948, sa'an nan aka ba shi damar shiga babbar gasa, watau ƙuruciyarsa duk ta tafi a inda alƙalami bai cika zuwa ba. Daga baya wasu masu kishin wasan suka duƙufa suna tonon tsofaffin jaridu, suna hira da tsofaffin 'yan wasa kafin su ƙare, aka kafa musu gidan tarihi a birnin Kansas a 1990. A ƙarshen 2020 hukumar wasan ta amince cewa gasannin baƙaƙen fata na tsakanin 1920 da 1948 daidai suke da na kowa, a 2024 kuma aka shigar da sakamakon 'yan wasa fiye da 2,300 cikin babban kundi. Nan take aka ga Josh Gibson, wanda ya rasu tun 1947, ya hau kan kowa a ƙwarewar dukan ƙwallo. Gaskiyarsa ta yi shekara saba'in da bakwai tana jira, ta kuwa fito, saboda an sami waɗanda suka tattara shaida tun da sauran shaidu.

Ba sai an haye teku ba ma. Maƙwabta na Jumhuriyar Nijar sun kafa gasar kokawa ta ƙasa tun shekara ta 1975, aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama zakara na farko. Tun daga nan ana iya lissafa wanda ya yi nasara a kowace gasa, da garin da aka yi ta. Sun kuma gina filayen kokawa sun sa musu sunayen mazajensu, na Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Doso da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram da sunan Langa Langa. Yaron da ya shiga filin dole ya tambayi ko wane ne mai sunan, daga nan tarihi ya sami magaji. Su ma Hausawa ne da Zabarmawa, ba su fi kowa kuɗi ba. Niyya ce suka yi.

MASU SUKA DA AMSARSU

Akwai masu ganin cewa dambe bai cancanci wannan wahala ba. Wasu malamai suna ƙyamarsa saboda layu da tsafe-tsafen da suka cuɗanya da shi, da caca da shaye-shayen da kan biyo taronsa, wasu kuma saboda raunin da yake jawo wa samari. Waɗannan maganganu ne masu nauyi, ba a kuma ce a share su ba. Amma rubuta tarihin abu daban ne da halatta duk abin da ke cikinsa. An rubuta tarihin yaƙe-yaƙen Zamfara da Gobir, ba don ana so a sake su ba, sai don a san abin da ya gudana. Mai rubuta tarihin dambe na gaskiya zai rubuta jaruntar, ya rubuta layun, ya rubuta waɗanda suka tsufa da ciwo da talauci bayan tafi ya ƙare, kowa ya ɗauki darasinsa.

Wasu kuma za su ce ana fama da tsaro da yunwa, wa ke ta dambe? Ai wannan shi ne ya sa abin ya zama na gaggawa. Lokacin zaman lafiya tsoho yana ƙauyensa, ga fili a gabansa, ga jikoki suna saurare. Yanzu kuwa da yawa sun bar gidajensu sun fake a Anka, ko Gummi, ko Gusau, jikokin sun watse neman abinci. Ana iya sake gina makarantar da aka ƙone in ƙura ta lafa, amma tsohon da aka binne da labarinsa ba mai tono shi. Kuma aikin nan ba ya cin kuɗin da zai rage wa tsaro ko asibiti kome.

Kada kuma a ruɗu da ganin cewa dambe na bunƙasa a birane. Gaskiya ne gidajen dambe irin na Ado Bayero Square a Sabon Garin Kano da na Dei-Dei a Abuja suna cika, ana karawa tsakanin Kudu da Arewa da Guramada, ana sa babur ko mota, ana kuma ɗaukar hotunan wasan ana sawa a YouTube duniya na kallo. 'Yan damben yau sun tsira, don duk naushin da suka kai yana ajiye. Waɗanda ake ji wa tsoro su ne na kafin zuwan wayar hannu, waɗanda suka kafa harsashin da ake cin moriyarsa yanzu.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, sassan Hausa da na tarihi a Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Kwalejin Ilimi ta Maru, su raba wa ɗalibansu na ajin ƙarshe wannan aiki, kowa ya ɗauki gundumarsu. Wayar da ke aljihun ɗalibi ta isa ɗaukar murya. Ba a ce kowa ya jefa kansa cikin daji ba, domin tsofaffin da ake nema da yawansu suna cikin manyan garuruwa. A tambayi sunan ɗan dambe na yanka da na fili, da maigidansa, da makaɗinsa, da garuruwan da ya je, da waɗanda ya buge, da waɗanda suka buge shi. Tsoho ba zai faɗi shekara da lamba ba, amma ya san ko kafin rasuwar Sardauna ne a 1966 ko bayanta, ko lokacin yaƙin basasa, ko shekarar canjin hannu ta 1972, ko ta canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973. Da irin waɗannan turaku ake ɗaure labari. Kuma kada a karɓi labarin karo daga bakin gari ɗaya, sai an ji na garin abokin karawar.

Na biyu, tsofaffin faya-faye da kaset-kaset na kiɗan dambe da hirarrakin da ke ajiye a Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna da Rediyon Rima na Sakkwato, a juye su cikin kwamfuta tun zafi da ƙura ba su gama da su ba, a kuma ajiye kwafi a Gusau inda ɗalibi zai iya zuwa ya saurara.

Na uku, ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum, tare da masarautunsu da sarakunan fawa, su zagaya su tantance tsofaffin filayen da suka rage. Wanda bai riga ya shiga gini ba a keɓe shi a cikin taswirar gari a bar wa matasa. Wanda ya riga ya tafi a kafa ɗan allo a rubuta abin da wurin yake a da. Jami'in filaye da ke zaune a ofis yana zana fuloti ya sani cewa layi ɗaya na alƙalaminsa yana iya ceton wuri ko ya shafe shi. In kuma za a gina sabon filin wasa, a tuna da sunan wani ɗan damben yankin, ba dole sai sunan mai riƙe da mulki ba.

Na huɗu, hukumar wasanni ta jiha ta buɗe rajista, duk damben da aka yi da izninta a rubuta rana da wuri da sunayen waɗanda suka sa zare da yadda aka tashi. Littafi ɗaya da magatakarda ɗaya sun isa.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, suna kuma cewa da tsohuwar zuma ake magani. Mazajen nan sun ba jama'arsu abin alfahari a lokacin da ba rediyo a kowane gida, ba su nemi kome ba sai tafi da kirari. Mafi ƙanƙantar sakayyar da za a yi musu ita ce a rubuta sunayensu daidai, da na garuruwansu, da na filayen da suka tsaya. Tsofaffin da suka san amsa suna nan zaune a gindin bishiya a Anka da Gummi da Bukkuyum, ba abin da suke jira sai mai tambaya. Allah ya ba da zaman lafiya a ƙasar Zamfara, ya sa a yi abin da ya dace tun lokaci bai ƙure ba, amin.